Baƙon da Ya Ƙi Tafiya: Abin da Ke Sa Manhajar Karanta PDF Ta Sanƙarar da Burauza

Ranar da na raka ɗan yayata wani shagon buga takardu domin ya fitar da takardarsa ta shiga jarabawa, mutum bakwai muka tarar a kan benci, kowa riƙe da lambarsa a guntun takarda. Babu wuta tun asuba. Ƙaramin janareta ne ke ta ƙugi a bakin ƙofa, kuma duk wanda ke wurin ya san kowane minti man fetur yake sha. Yaron shagon ya shigar da lambar yarinyar da ke gabanmu, takardarta ta buɗe a cikin burauza, ya buga mata, ya rufe shafin. Ya shigar da ta ɗan yayata, ya danna. Shafin ya yi fari fat. Kibiyar linzami ta koma ɗan zobe tana ta juyawa. Ya danna nan, ya danna can, ko gezau. Can sai allon ya yi hazo-hazo kamar an shafa masa farar ƙasa, a sama kuma aka rubuta da Turanci cewa manhajar ba ta amsawa.

"Sabis ne, Alhaji, a ɗan yi haƙuri," in ji yaron. Da aka shafe minti goma sai magana ta sauya. Ya ce ai bairos ne ya shiga kwamfutar, kullum haka take yi musu, maigidansa ma ya ce ranar Asabar za a kai ta a yi mata fomat.

Wani dattijo mai gyaran kwamfuta a shagon da ke maƙwabtaka ya leƙo neman canji, ya ga cirko-cirkon da muka yi. "Kai yaro, matsa in gani." Ya haɗa madannai uku ya danna lokaci guda, wata ƙaramar taga ta fito da jerin sunaye. Ya sa yatsa a kan allon ya nuna mini: sunan manhajar da ke buɗe takardu ya bayyana har sau uku a jere, alhali babu takarda ko ɗaya a buɗe. Ya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya ɗauke hannu daga linzami burauzar ta farfaɗo, aka sake danna takardar, ta buɗe, firinta ta fara ja. Bai karɓi ko kwabo ba, canjinsa kawai ya amsa ya fita.

Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai, kuma abin da ya fi damuna shi ne maganar fomat ɗin nan. Da dattijon bai leƙo ba, da an share kwamfutar nan kaf, da hotunan fasfo da takardun mutane da aka ajiye a cikinta, an biya kuɗin aiki, an yi asarar wuni guda na ciniki, sannan a sake girka manhajojin nan dai da saitinsu na da, matsalar ta dawo bayan kwana biyu. An bar jaki ana dukan taiki. Burauzar da ake zagi lafiyarta ƙalau, jira take yi. Wadda take jira kuwa wata manhaja ce daban, wadda aka sallama ta ƙi tafiya.

Yadda baƙon ya shigo gida

Sai an ɗan koma baya kafin a gane dalilin da ya sa manhajar karanta takarda za ta iya riƙe wuyan burauza. Tsarin fayil ɗin da muke kira PDF kamfanin Adobe na Amurka ne ya ƙirƙiro shi. John Warnock, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin a 1982 tare da Charles Geschke, shi ya zo da tunanin a farkon shekarun 1990, a wani shiri da ya raɗa wa suna Camelot. Burinsa a samu takardar da za ta fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace firinta, ba tare da rubutu ya zame ko hoto ya goce ba. A watan Yunin 1993 aka fitar da Acrobat. Da farko har manhajar karantawar sayar da ita ake yi, dala 50, sai daga baya aka mayar da ita kyauta, kuma wannan kyautar ce ta sa PDF ya mamaye duniya. A 2008 tsarin ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 32000, wato kowa na iya rubuta manhajar da za ta karanta shi.

A wancan zamanin burauza ba ta san komai ba sai rubutu da ƙananan hotuna. Idan ta ci karo da bidiyo ko sauti ko PDF, sai ta nemi taimako. Kamfanin Netscape ya buɗe wata ƙofa a burauzarsa ta Navigator 2.0 a 1995, wadda ake kira NPAPI, domin wasu kamfanoni su jona ƙananan manhajojinsu, wato fulogin. Microsoft ma ya kawo tasa ƙofar mai suna ActiveX a Internet Explorer a 1996. A shekarar ce Acrobat 3.0 ya fara nuna PDF kai tsaye a cikin tagar burauza. A ido abin sha'awa ne: ka danna, takarda ta bayyana a wurin da kake, ba sai ka sauke ta ka je ka nemo ta ba.

Amma a bayan fage ga abin da ke faruwa. Ɗan fulogin da ke zaune a cikin burauzar ba shi ke zana takardar ba. Shi ɗan aike ne. Idan an danna PDF, sai ya tayar da cikakkiyar manhajar karantawa a ɓoye, wadda a kwamfutocin Windows ke bayyana da suna AcroRd32.exe, ya ba ta aron wani fili a tagar burauza ta yi zanenta. Manhajoji biyu ke nan masu zaman kansu, kowace da tata ƙwaƙwalwa, suna raba taga ɗaya, suna aika wa juna saƙo. Muddin saƙon na zuwa yana dawowa, lafiya lau. Ranar da ɗaya ta yi shiru, ɗayar sai ta tsaya jiran gawon shanu.

Windows na da dokarsa a kan wannan. Kowace taga tana da layin saƙonni: an danna nan, an buga harafi kaza, an ja shafi ƙasa. Aikin manhaja ne ta riƙa ɗaukar saƙonnin ɗaya bayan ɗaya tana sallamarsu. Idan ta yi daƙiƙa biyar ba ta ɗauki ko ɗaya ba, Windows sai ya ayyana cewa ba ta amsawa, ya lulluɓe tagar da wancan hazon da muka gani. Kamar mai shago ne shi kaɗai a kanta, ya aiki yaro neman canji, ya ce ba zai sallami kowa ba sai yaron ya dawo. Mai shagon bai suma ba, bai gudu ba, amma layi ya tsaya cik. Tsofaffin burauzoji kuwa da ma'aikaci ɗaya suke tafiyar da dukkan shafukan da aka buɗe, shi ya sa takarda guda ke iya tsayar da shafi goma.

Me ya sa ba ta tafiya?

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wannan baƙon dai tun asali ba a tsara shi ya tafi da wuri ba, kuma wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Manhajar karantawar ta yi nauyi da shekaru. Adobe Reader 6, wanda ya fito a 2003, ya yi suna wajen jinkirin tashi, domin kafin ya nuna maka shafi ɗaya sai ya loda tarin ƙananan kayan aiki: na cike fom, na sa hannu, na bincike, na sharhi, na karanta rubutu da murya. Tun da tashinsa na cin lokaci, sai aka tsara cewa idan an rufe takarda a burauza, manhajar ta ɗan dakata a ƙwaƙwalwar kwamfuta ko za a buɗe wata takardar, kamar ɗan acaɓan da bai kashe inji ba saboda yana sa ran fasinja. A Reader 7 har aka ƙara wata 'yar manhaja mai suna reader_sl.exe da ke tashi tare da Windows don ta share fagen tashin babbar. Saboda haka ganin sunan a jerin ayyuka jim kaɗan bayan rufe takarda ba lallai alamar cuta ba ce.

Cutar tana farawa ne idan dakatawar ta zama zaman dirshan. Hanyoyin da hakan ke faruwa suna da yawa, amma wadda ta fi ba ni haushi, don ta fi kowace sauƙin magani kuma ta fi kowace wahalar da mutane, ita ce ta ɓoyayyiyar tambaya. Manhajar karantawa takan so ta tambaye ka wani abu: akwai sabon zubi, a sauke? Ka amince da sharuɗɗan amfani? Wannan takardar tana da matsala, a ci gaba? Sai ta fito da ɗan akwatin tambaya. To amma tunda a ɓoye take aiki, akwatin yakan faɗa bayan tagar burauza, inda ido ba ya kaiwa. Ita tana jiran amsarka, burauza tana jiran ta, kai kuma kana jiran burauza. Ku uku kuna zaune, babu mai motsi. Sau da yawa haɗa madannan Alt da Tab kawai, ko rage girman tagar burauzar, zai tono akwatin, a danna amsa, komai ya warware.

Wata hanyar kuma ta lissafi ce. A tsarin ActiveX, manhaja tana riƙe da ƙidayar masu amfani da ita. Duk wanda ya kama ta, a ƙara ɗaya. Duk wanda ya sake ta, a rage ɗaya. Idan ƙidaya ta kai sifili sai ta tattara ta fita. Idan burauza ta faɗi ba zato, ko wani ɗan ƙari da aka jona mata ya kama bai saki ba, ƙidayar ba za ta taɓa kaiwa sifili ba. Manhajar za ta zauna tana zaton har yanzu ana bukatarta. In an danna wata takardar, ɗan aiken zai je ya ƙwanƙwasa wa wannan tsohuwar da ta riga ta rikice, ba za ta amsa ba, ko kuma a tayar da sabuwa kusa da ita. Haka ake tara uku, huɗu, biyar.

Sai ta uku, wadda ta fi shafar wuraren da intanet ke yankewa. Akwai wani salon shirya PDF da ke ba da damar a fara nuna shafin farko tun kafin sauran fayil ɗin ya gama sauka, manhajar tana roƙon sauran gutsure-gutsure daga uwar garke. A inda layi ke da ƙarfi, ni'ima ce. A inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, manhajar na iya roƙon gutsure na gaba, amsa ba ta zo ba, ta tsaya. A nan yaron shagon yana da 'yar gaskiya da ya ce sabis ne, sai dai ko sabis ɗin ya dawo, wadda ta sanƙare ba lallai ta farka da kanta ba.

Duk wannan kuma yana faruwa ne a kan ƙwaƙwalwa mai iyaka. Mutane kan raina nauyin takarda don sun ga fayil ɗin ƙarami ne. A lissafa: shafin A4 guda da aka ɗauka da na'urar sikana a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci yana da ɗigo 2480 a faɗi, 3508 a tsawo, kusan ɗigo miliyan 8.7 ke nan. In mai launi ne, kowane ɗigo na cin bayit uku, wato wajen megabayit 26 idan an warware shi domin nunawa. In aka ɗauka a ma'aunin 600, ya haura megabayit 100, shafi ɗaya tal. A ajiye fayil ɗin a matse yake, amma wajen nunawa dole a warware shi. Kwamfutar gwanjo mai ƙwaƙwalwar gigabayit ɗaya ko biyu, ga burauza, ga manhajar karantawa uku da suka ƙi fita, nan da nan wuri ya cika. Daga nan Windows zai fara kwashe kaya daga ƙwaƙwalwa yana jibgewa a faifan ajiya, a wani fayil mai suna pagefile.sys, faifan kuwa ya fi ƙwaƙwalwa nawa nesa ba kusa ba. Alamar ita ce 'yar fitilar faifan ta kama ta ƙi mutuwa, kana jin ƙarar ƙis-ƙis a cikin akwatin, komai na tafiyar hawainiya.

A duba kafin a yanke

Madannai ukun da dattijon ya haɗa su ne Ctrl da Shift da Esc. Suna buɗe Task Manager, tagar da ke nuna duk abin da ke gudana a kwamfuta, na fili da na ɓoye. A ganina duk wanda ke cin abinci da kwamfuta ya kamata ya san wannan tagar kamar yadda direba ya san buɗe bonet. A cikinta ana duba abu biyu game da sunan da ake zargi: nawa yake ci na ƙarfin injin sarrafawa, nawa kuma ya riƙe na ƙwaƙwalwa. Idan yana cin ƙarfi sosai ba ya sauka, to yana ta zagaye ne a wuri guda, galibi a kan takardar da ta lalace ko mai nauyin zane. Idan kuwa ba ya cin komai amma yana nan daram, jira yake yi, sai a nemi abin da yake jira: ɓoyayyen akwati, intanet, ko firinta.

Windows ma yana iya faɗa maka wa ke jiran wa. Tun daga Windows 7 akwai wani umarni mai suna Analyze Wait Chain a cikin Resource Monitor, daga Windows 8 kuma aka sa shi a Task Manager, a sashen Details. Ka danna sunan burauzar da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓe shi, sai ya nuna maka sarƙar: wannan na jiran wancan. Mutane ƙalilan ne suka san da shi, alhali shi ne ke raba gardama. Masu son zurfafawa suna amfani da Process Explorer, wanda Mark Russinovich ya rubuta a ƙarƙashin Sysinternals kafin Microsoft ya saye su a 2006. Kyauta ne, kuma yana nuna wace manhaja ce ta haifi wace, da fayilolin da kowace ta riƙe.

Idan an gano mai laifin, a kashe shi shi kaɗai, a bar burauzar. Wannan yana da muhimmanci ga mai cike fom, domin kashe burauza na nufin rasa duk abin da aka shigar, wataƙila har da biyan kuɗin da ke tsakiyar hanya. Wanda ya saba da rubuta umarni zai iya buga taskkill /f /im AcroRd32.exe ya share su gaba ɗaya a bugu guda. Sai dai a kula: tun daga Adobe Reader X na 2010, ganin sunan sau biyu alhali takarda ɗaya ce a buɗe ba matsala ba ne. A wannan zubin aka kawo tsarin kariya da ke killace takarda a wani keɓaɓɓen aiki, ɗayan kuma yana tsaye a matsayin mai shiga tsakani. An yi haka ne bayan shekarun da masu kutse suka riƙa cusa mugun abu a cikin PDF. Akwai masu ba da shawarar a kashe wannan kariyar don manhajar ta yi sauri. Ban goyi bayan haka ba, balle a shagon da kowa ke zuwa da filashinsa. In an kashe ta don gwaji, a mayar da ita da an gama.

Kashe aikin da ya maƙale kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Gobe zai dawo. Maganin da ya fi ɗorewa a tsofaffin kwamfutoci shi ne a raba auren gaba ɗaya: a hana manhajar karantawa shiga cikin burauza. A Reader har zuwa zubi na 10, ana shiga Edit, a shiga Preferences, a sashen Internet a cire alamar da ke kan Display PDF in browser. A nan kusa kuma akwai zaɓin nan na fara nuna takarda kafin ta gama sauka, shi ma ana iya cire shi. Daga zubi na 11 an ɗauke wancan zaɓin na farko, sai dai a kashe fulogin ɗin daga cikin saitin burauzar kanta. Da an yi haka, takarda za ta riƙa sauka tukuna sannan ta buɗe a tata tagar. In ta maƙale, ita kaɗai ta maƙale. In akwai tambaya, a fili za ta fito.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. A buɗe manhajar ita kaɗai sau ɗaya bayan an girka ta, a amsa duk tambayoyinta na farko. A tabbata ba zubi biyu ne ke zaune a kwamfuta ɗaya suna rigimar wa zai buɗe takarda ba. A menu na Help akwai umarnin gyara girkin idan wani fayil nata ya lalace. A tsofaffin zubi, riƙe Shift lokacin da take tashi yana hana ta loda ƙananan kayan aikinta, kuma in ta yi lafiya a haka, an san inda matsalar take. Wanda kuma karatu da bugawa kawai yake yi, akwai manhajoji marasa nauyi irin su SumatraPDF, wadda Krzysztof Kowalczyk ya fara a 2006, kyauta ce kuma tana tashi nan take ko a tsohuwar kwamfuta.

Firinta ta cancanci a tsaya a kanta, domin a shagunan buga takardu ita ce ake yawan mantawa da ita. Idan aka danna umarnin bugawa, manhajar tana tambayar firintar da aka saita a matsayin ta farko: kina nan? wace takarda kike ɗauka? Idan firintar a kashe take, ko an cire wayarta, ko tana jone da wata kwamfutar da ba a kunna ba, tambayar na iya rataya, ta rataye manhajar, ita kuma ta rataye burauza. Haka nan idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugawa, guntun aikin yakan maƙale a layin firinta ya tare hanya. Maganinsa a tsayar da hidimar Print Spooler, a share abin da ke cikin jakar PRINTERS da ke ƙarƙashin spool a cikin System32, a sake tayar da ita. Takardar da ke ƙin fita saboda sarƙaƙiyar zane ko salon rubutu kuwa, akwai zaɓin buga ta a matsayin hoto a sashen Advanced na tagar bugawa.

Gyaran da aka yi daga tushe

Masu ƙera burauza sun daɗe da gane cewa tsarin ne da kansa ke da rauni. Rahotannin faɗuwar burauza sun riƙa nuna fulogin a sahun gaba. Google ya fito da Chrome a watan Satumbar 2008 da tsarin raba ayyuka, shafuka da fulogin kowa a ɗakinsa, don in ɗaya ya faɗi kada ya ja sauran. Mozilla ya bi sahu a 2010 da Firefox 3.6.4, wanda ya fara fitar da wasu fulogin zuwa wani aiki daban mai suna plugin-container. A 2010 ɗin dai Chrome ya samu nasa mai karanta PDF na cikin gida, wanda aka gina da taimakon fasahar kamfanin Foxit, aka kuma buɗe lambobinsa ga kowa a 2014 da sunan PDFium. A Mozilla, Andreas Gal ya fara wani aiki a 2011 mai suna PDF.js, wanda ke zana takarda da harshen JavaScript, harshen da shafukan intanet ke amfani da shi, kuma ya zama na dindindin a Firefox 19 a watan Fabrairun 2013. Daga nan aka fara rufe tsohuwar ƙofar. Chrome ya cire NPAPI gaba ɗaya a zubi na 45 a watan Satumbar 2015. Firefox 52 ya rufe ta a watan Maris na 2017, ya bar wa fulogin ɗin Flash kaɗai, shi ma ya ƙare a ƙarshen 2020. Internet Explorer 11, gidan ActiveX na ƙarshe, Microsoft ya yi masa ritaya ranar 15 ga Yunin 2022.

Mai sabuwar kwamfuta zai ce ai labari ya ƙare. A kasuwanninmu bai ƙare ba. Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka suka yar shekaru goma sha da suka wuce su ne ke aiki a shagunan bakin makarantu da sakatariyoyi, suna fitar da takardun jarabawa, da na kiran bautar ƙasa, da na shaidar ɗan ƙasa, kusan dukkansu PDF. Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilun 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020. Chrome na ƙarshe da ke hawa XP shi ne na 49, Firefox kuwa na 52 mai dogon tallafi, wanda har yanzu tsohuwar ƙofar fulogin a buɗe take a cikinsa. A Windows 7 Chrome ya tsaya a 109. Mai shagon da ke lissafin kuɗin fetur da na tawada ba zai sayi sabuwar kwamfuta don wani kamfani ya ce ya daina tallafi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da yake bukata shi ne ya san injin da ke hannunsa.

Sababbin kwamfutocin ma ba su tsira sarai ba, kamannin matsalar ne ya sauya. Acrobat Reader na yanzu yana tayar da wasu mataimaka a bayan fage, masu suna irin RdrCEF.exe ko AcroCEF.exe, waɗanda a zahiri guntun burauza ne da aka dasa a cikin manhajar don zana wasu sassanta, kuma su ma akan same su a jeri bayan an rufe takarda. Tagar duba fayiloli ta Windows tana da wani gefe da ke nuna cikin takarda kafin a buɗe ta, kuma yakan riƙe fayil har a kasa share shi ko sauya masa suna, ana ce maka wata manhaja na amfani da shi. Alt da P na rufe wannan gefen. A cikin burauza kuma, takarda mai ɗaruruwan shafukan sikana na iya cinye ƙwaƙwalwa ta sa shafinta ya tsaya. Bambancin shi ne yanzu Chrome na da nasa jerin ayyuka, Shift da Esc ke buɗe shi, a Firefox kuma ana rubuta about:processes a wurin adireshi, a ga shafin da ya kumbura a rufe shi shi kaɗai. Kuma tsohuwar dabarar nan ta raba su tana nan da amfaninta: a saitin kowace burauza akwai inda za a ce ta riƙa sauke PDF maimakon buɗe shi.

Bayan wata biyu na sake bi ta shagon, zan buga wata takarda tawa. Kwamfutar nan ce dai, da tsagewar da ke gefen allonta, ba a kai ta fomat ba. A jikin bango, daidai saman firinta, an manna 'yar takarda da salatif, an rubuta sunayen madannai ukun da biro. Yaron ya danna takardata, ta sauka, ta buɗe a tata tagar daban. Ya ce dattijon ne ya dawo da yamma ranar nan ya sauya musu saitin, ya kuma nuna masa sunan da zai riƙa nema a jerin. Ya miƙo mini shafukana biyu da ɗuminsu, ya kira na gaba.